Adakar Baba a Wurin Rabon Gado

Kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗin Baba muka buɗe turakarsa a gidanmu na Tudun Wadar Gusau. Malamin da zai raba mana gado ya riga ya faɗa mana tsarin: an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, babu wasiyya, saura a rubuto duk abin da mamaci ya bari a yi masa kuɗi. Gida, gonar hanyar Kwatarkwashi, tsohon babur, manyan riguna, har buta da darduma. Ni aka miƙa wa biro da takarda, wai don ni ne malamin makaranta.

Mun kusa gamawa autanmu ya leƙa ƙarƙashin gado ya jawo adakar ƙarfe, baƙa, irin wadda ma'aikatan reluwe ke tafiya da ita. Dukanmu mun san ta, amma rabon da in ga an buɗe ta an fi shekara talatin. Inna tana ɗaki tana takaba, sai ta aiko jikarta da makullin, ɗaure a wani ƙyalle. Da murfin ya ɗaga, warin kafur da busasshen ganyen dogon yaro da tsohuwar takarda ya bugi hancina, sai na ji kamar ina aji uku na firamare, ina kwance a tabarma, Baba yana maƙale murya yana kwaikwayon ɗan fashi.

Littattafan hoto ne, abin da yaran yanzu ke kira komik. Na ƙirga su a gaban kowa: mujallar African Film guda 43, ƙananan littattafan yaƙi na Commando guda 61, Ikebe Super guda 12 da aka tura can ƙasan adakar (yanzu na gane dalilin da ba a taɓa karanta mana su ba), sai wani babba guda ɗaya da aka shimfiɗa a ƙasa saboda ya fi sauran faɗi.

Yaya Babba ya taɓe baki. "Wanga tarkace ne. A ba masu ƙosai su naɗe, ko a sa wuta. Rubuta adaka kawai."

Na ɗaga babban zan kaɗe ƙura, sai auta ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. "Yaya, aje! Don Allah aje shi a hankali!" Hannunsa na rawa ya zaro waya ya nuna mana hoto. Mutum ne sanye da jan mayafi ya ɗaga koriyar mota sama yana fyaɗa ta da dutse, mutane na gudu. Hoton da ke waya shi ne hoton da ke hannuna. Action Comics, lamba 1, watan Yuni na 1938, farashi senti 10. A nan ne Superman ya fara fitowa a duniya. A watan Afrilu na 2024 wani kamfanin gwanjo na Amurka, Heritage Auctions, ya sayar da kwafi ɗaya a kan dala miliyan 6. Auta ya buga lissafi a kan naira 1,500 kowace dala, ya juyo mana da fuskar wayar: biliyan 9.

Ɗakin ya yi tsit. Wanda ya ce a sa wuta shi ya fara cire hularsa ya share wa adakar ƙura, kuma a ɗakinsa ta kwana.

Kwana uku da suka biyo baya ba na son tuna su. Mazan ƙannena mata, waɗanda sai da salla muke jin muryarsu, suka shiga kirana safe da yamma suna tambayar lafiyar Inna. Wata gwaggonmu ta taso daga Ƙauran Namoda, wai ta yi mafarkin ɗan'uwanta. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, don a Zamfarar yau jita-jitar cewa akwai biliyoyi a ƙarƙashin gadonka ba abin guɗa ba ce, gayyatar baƙin dare ce. Na tara su na ce duk wanda ya ƙara furta maganar a waje, shi zai kwana da adakar. Malam kuma ya ɗage rabon. Ya ce abin da ke da ƙima a kasuwa haƙƙin magada ne, marayun 'yar'uwarmu ma ba su cikin lissafi sai dai a yi musu ihsani, saboda haka ba za a raba a kan zato ba. A je a gano kuɗinsa na gaskiya a dawo. Aikin ya sake faɗowa kaina.

Na fara da karatu, dare biyu ina ƙona data. Na gano cewa an buga kusan kwafi 200,000 na wannan lambar a 1938, kuma waɗanda ake jin sun rage yau ba su wuce ɗari ba. Takarda ce mai arha irin ta jarida, yara suka karanta suka yar, sannan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka riƙa tattara tsofaffin takardu a Amurka ana sake sarrafa su. Matasa biyu da suka ƙirƙiro Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, dala 130 aka ba su suka sallama haƙƙinsa gaba ɗaya. Wannan ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Amma tambayar da ta hana ni barci ita ce: ta yaya ɗaya daga cikin ɗari zai zo Gusau ya kwanta a adakar akawun tashar jirgi da aka haifa bayan an gama yaƙin?

Amsar tana cikin tef ɗin awo. A 1974 kamfanin DC, mai buga littattafan Superman, ya sake buga wannan lambar, shafi da shafi, har da tsohon kwanan wata da farashin senti 10, a wani jeri da ya kira Famous First Edition. Bambancin biyu ne. An ƙara masa wani bango mai kauri a waje da ke bayyana cewa sabon bugu ne, kuma an yi shi da girma sosai. Na asali faɗinsa bai kai inci 8 ba, tsawonsa inci 10 da 'yan kai. Na 1974 kuwa faɗinsa inci 10, tsawonsa ya haura 13. Da safe na je shagon telan ƙofar gidanmu na aro tef. Kowa ya zagaye ni na auna. Inci 10. Na juya na auna tsawo, 13 da rabi. Auta ya karɓi tef ɗin ya sake aunawa sau biyu, har yana jan bakinsa ko zai ragu.

Bangon wajen fa? Ban faɗa musu a ranar ba, amma na tuna. Ni na yage shi wata bazara ina ɗan shekara bakwai, na yi fifita da shi, Baba ya ja mini kunne har na yi fitsari. Inna ta tabbatar da sauran labarin daga bayan labule: a shekarar da aka tura shi kwas hedikwatar reluwe a Ebute Metta, Legas, ya dawo da shi tare da agogon bango. Murna ta koma ciki. Gwaggo ta kama hanyar Ƙaura kafin la'asar, adaka kuma ta dawo turakar Baba ba tare da kowa ya yi mata rakiya ba.

Da na so in rubuta "tsofaffin takardu, naira dubu biyar" in huta. Malam ya ƙi. Ya ce tunda an tayar da maganar ƙima, a kai ta ƙarshe, kada gobe wani ya ce an ci haƙƙinsa. Haka na shimfiɗa farin zanen gado a tsakar gida da hantsi, na ɗauki hoton kowane littafi gaba da baya da tsakiya, na buɗe littafin rubutu na ba kowanne layi: suna, lamba, yawan shafin da ya rage, da aibinsa.

A nan na koyi yadda 'yan wannan kasuwa ke kallon takarda. Akwai wani kamfani a garin Sarasota na jihar Fulorida, CGC, wanda tun shekarar 2000 aikinsa ke nan. Ka aika musu littafi, su duba, su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, sannan su rufe shi ruf a cikin gidan roba mai tauri da takardar shaida a sama. Wanda aka sayar dala miliyan 6 ɗin nan maki 8.5 ya samu. Idan ka fasa robar don ka karanta, shaidar ta tashi. Wato littafin da aka saya da irin wannan tsada shi ne wanda ba mai sake buɗe shi. Ni dai har yau wannan bai zauna mini ba, kamar mutum ne ya sayi ingarma ya gina masa ɗaki ba ƙofa.

Abubuwan da ke rage maki kuwa kamar a gidanmu aka zauna aka rubuta su. Lanƙwasar kusurwa, muna da ita. Tsatsar wayar da aka ɗinke tsakiya da ita, damina hamsin ta yi aikinta. Takarda ta yi ja ta bushe tana karyewa, wannan aikin hunturu ne da kuma sinadarin da ke cikin takardar jarida tun asali. Cin gara da kyankyaso. Salatif, wanda Baba ya bi duk inda muka yaga ya manna da haƙuri, su a wurinsu ɓarna ce don mannin yana cin takarda ya bar tabo. Ko gyaran gwani aka yi wa littafi, aka cike launi ko aka ƙara takarda, shunayyar shaida suke manna masa, farashinsa ya faɗi. Sai babban aibi, rubutu a jiki.

Rubutun nan shi ya tsayar da ni. A yawancin African Film ɗin, sama da kowace 'yar da'irar magana, akwai ƙananan layuka da shuɗin biro, wasu da fensir. Muna yara mun ɗauka zane ne kawai. Ajami ne. Ba na karanta shi da sauri, sai na ɗauki guda ɗaya na shiga wurin Inna na durƙusa.

Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. An kawo ta gidan a 1969 daga Talatar Mafara, yarinya ƙarama, ba ta san kowa a Gusau ba, ba ta yi boko ba amma ta sauke Alƙur'ani kuma tana karanta ajami kamar ruwa. Shi kuma yana kwana tasha idan jirgin Zariya ya yi latti, wanda ke bi ta Funtuwa ya wuce har Ƙauran Namoda inda layin ya ƙare. Jirgin nan shi ke kawo jaridu da mujallu. "Babanku in ya sayi wanga abu, sai ya zamna tasha da fitila shi bi shi dud da biro, shi mai da shi Hausa. Da safe shi aje mani bisa gado, bai cewa komi. Kunya gare shi. Nan munka saba."

African Film ba zane ba ne, hotunan mutane ne na gaske aka jera aka sa musu magana. Kamfanin mujallar Drum ne ya riƙa fitar da ita daga 1968 zuwa 1972, ana sayarwa daga Najeriya da Gana har Kenya. Jarumin, Lance Spearman, ɗan bincike ne baƙar fata mai hular kaba da ɗan gemu da sigari a baki, abokin gabarsa kuma Rabon Zollo. Samarin wancan zamani sun ga baƙin mutum irinsu yana tuƙa mota yana kama miyagu, abin da silima ba ta cika nuna musu ba. Inna har yau ta riƙe sunayen, sai dai ita Rabo take kiran mugun, kamar wani maƙwabcinmu.

Na koma kan aikina da nauyin zuciya. Commando ɗin ba su ba ni wahala ba. Kamfanin DC Thomson na birnin Dandi a Sukotlan yake buga su tun 1961 kuma bai daina ba, suna da yawa a duniya, namu kuma na tsakiyar jeri ne da suka sha hannu. A nan na koyi wata dabara: a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, kada ka kalli kuɗin da mai kaya ya sa, ko ni zan iya sa wa akuyata miliyan. Ka nemi jerin waɗanda aka riga aka saya. Da na yi haka sai na ga irin namu a tari ake sayar da su, kuɗin aikawa ya fi kuɗin kayan. Babban Superman ɗinmu ma, mai cikakken bango da tsabta 'yan gomiyoyin daloli yake yi, balle namu da na yi fifita da rabinsa. Aika shi Fulorida a ba shi maki, da kuɗin dubawa da na zuwa da dawowa da inshora, sayar da kare ne a sayi biri.

Abin mamaki, wanda Yaya Babba ya fi rainawa shi ya sami mai so. Wani ɗan ajinmu da ke aiki a Ingila ya haɗa ni da wani mai tara tsofaffin mujallun Afirka. Bai ko tambayi Superman ba. African Film yake nema, ya ce samunsu ya yi wuya saboda kowane kwafi sai ya zaga unguwa hannu zuwa hannu har ya mutu, ba wanda ya yi tunanin adanawa. Na tura masa hotuna 43. Bayan kwana biyu ya amsa cikin ladabi: zai sayi guda 9, dala 20 kowanne. Sauran 34 ya ce an yi rubutu a kansu da yawa, ba zai iya ba su fiye da dala 3 ba, kuma gara ma mu riƙe.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na rubuta masa doguwar amsa ina bayyana masa mene ne ajami da wanda ya rubuta da wadda aka rubuta wa, sannan na goge ban tura ba. Mutumin bai yi laifi ba. Shi yana neman mujallar kamar yadda ta fito daga injin bugu, duk abin da ya same ta bayan nan ragi ne a wurinsa. Mu kuma abin da ya same ta bayan nan shi ne kaɗai namu a ciki.

Na jera guda 9 ɗin na duba lambobinsu, sai na ga a jere suke, ba tsallake. Na kai wa Inna na tambaye ta me ya sa waɗannan ba a fassara su ba. Ta juya su ɗaya bayan ɗaya. "Wagga ban san ta ba. Wagga ma." Ta ɗan yi lissafi da yatsu, sai ta kawar da kai, ta nuna ɗakin Yaya Babba da haɓa, don ba ta kama sunan ɗan fari. Lokacin da ta tafi gida Mafara wankan haihuwarsa ne, a 1971. Baba ya ci gaba da saye, amma ba wadda zai ajiye wa a kan gado, sai bai taɓa su da biro ba.

"Ku sai da su," in ji ta. "Ba nawa ba ne."

Sayarwar ta ci mako uku. Na yanka kwali na sa kowace mujalla a tsakani, na naɗe da farar takarda, ban bar salatif ya taɓa ko ɗaya ba, yanzu na yi hankali. Sai da na bi motar safe zuwa Kaduna kafin na sami kamfanin aika saƙo da hankalina ya kwanta da shi, kuma duk wanda ya san hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ya san addu'ar da ake yi a cikin motar. Kuɗin ya shiga asusun abokina a Ingila, shi ya turo mini naira. Dala 180 ce, ta kama naira 270,000. Da aka cire kuɗin aikawa da na mota, abin da na ajiye a gaban Malam naira 158,000 ne, da rasit ɗinsa. Auta ya kalli kuɗin ya ce daga biliyan 9, Allah mai iko. Har Malam sai da ya murmusa.

Saura abin da ke cikin adaka. Malam ya ce hanya biyu ce: a yi masa kuɗi wani ya ɗauka a cikin rabonsa, ko kowane magaji ya yafe da bakinsa. Na karanto lissafina, guda 34 a kan dala 3, Commando da sauran a dunƙule, duka na sa naira 200,000. Kafin kowa ya buɗe baki, muryar Inna ta fito daga bayan labule, ta ce a cire a cikin tumuninta. Yaya Babba ya ce haba Inna, wa zai karɓi kuɗinki a kan takarda, mun yafe. 'Yan'uwa mata suka ce sun yafe. Ta ce a'a. Ba ta son kyauta, ba ta son ranar da ba ta nan wani ya ce ai na kowa ne a ba masu ƙosai. A rubuta ta saya. Yaya Babba ya sunkuyar da kai, Malam ya rubuta, shaidu biyu suka sa hannu. Commando ɗin ta raba wa jikoki a ranar, Ikebe Super ta ce in kai inda ba za ta sake ganinsu ba, Superman kuma ta ba auta ya je ya yi ta aunawa.

Bayan ta fita takaba na fara zuwa duk daren Juma'a ina ɗaukar shafukan a waya, don fensir ɗin ya fara dushewa. Sai muka mai da abin karatu: ni in karanta Turancin a zuci, ita ta karanta ajamin a fili. A nan na kama Baba. Duk inda jarumin ya nemi giya, ajamin ya ce ya nemi ruwan sanyi. Inda wata mace ta rungume shi, Baba ya rubuta cewa ƙanwarsa ce ta dawo daga tafiya. A mujalla ɗaya na ƙirga ƙanne huɗu.

Na yi ta dariya har da hawaye, na ce, "Inna, ashe shekara hamsin da wani abu Baba yana yi miki ƙarya."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Kai, ɗan nan. Ce maka anka yi ban san kwalba ba in na gane ta?" Ta lashi yatsa ta buɗe shafi na gaba. "Matso da fitilar ga, Rabo ya kusa kama shi."